Kun ɗaure kaya za ku tafi, kyanwar fa wa aka bar wa?

Lokutan tafiya a yankinmu na arewacin Kamaru da Chadi sanannu ne. Ana jajibirin Sallah gidaje a Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena sukan watse, wasu ƙauye, wasu Yola ko Maiduguri ko Kano. Ga hutun 'yan makaranta, ga biki, ga rasuwa da ba ta sallama, ga aikin Hajji da ke cin wata guda ko fiye. Tumaki da awaki tun da wuri ake nema musu mai zuba dusa, kaji a damƙa su ga maƙwabta. Kyanwa ce ba a tunawa da ita sai an ɗauko kwaɗo za a rufe ƙofa. A nan ne ake yin ɗaya daga cikin kurakurai biyu: ko a kore ta waje a ce "ai mage ce, za ta nemi na kanta", ko a tula mata abinci a faranti, a ajiye ruwa a murfin tukunya, a kulle ta a ɗaki har a dawo.

Kowane ɗan makarantar allo ya san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da aka azabtar saboda kyanwa: ta tsare ta har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Mutane da yawa suna ɗauka matuƙar sun bar abinci sun fita haƙƙinta. A zafin Garwa abincin da aka bari ranar Litinin ya zama guba kafin Talata, ruwan ya ƙafe kafin Laraba. Tarin abinci ba ya zama mutum. In tafiyarku za ta haura kwana biyu, abin da kyanwa take buƙata shi ne wani ya leƙa ta kullum, sauran shirye-shiryen duk a kan wannan ake ɗora su.

Kwana nawa za ta iya ita kaɗai

Babbar kyanwa mai lafiya, wadda ta haura shekara ɗaya kuma ba ta tsufa ba, tana iya kwana ɗaya ita kaɗai in an bar mata ruwa isasshe, busasshen abinci da wurin ba-haya. Kwana biyu shi ne iyaka, shi ma in ba bazara ba ce. Daga kwana uku sai da mai zuwa sau ɗaya a rana. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, a Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena, sau biyu ne, safe da yamma. Tafiyar da ta kai mako biyu zuwa sama, irin ta Hajji, gara a sami wanda zai riƙa kwana a gidan.

A lissafin kwanaki ku ƙara biyu a kan abin da kuka tsara. Duk wanda ya bi hanyar Marwa zuwa Kusiri da damina, ko ya jira jirgin ƙasa tsakanin Yawunde da Ngawundare, ko ya je zaman makoki aka ce sai an yi sadakar bakwai, ya san ranar dawowa ba a hannunsa take ba.

Waɗannan kwanakin ba su shafi 'yan kyanwa ba. Wanda bai kai wata shida ba sau uku zuwa huɗu yake ci a rana, cikinsa ƙarami ne, in ya wuni da yunwa jikinsa yakan yi sanyi ya kwanta. Haka tsohuwar kyanwa, da mai shan magani, da mai shayarwa. Ciki na kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne. In nononta ya cika ta fara shiga lungu tana neman wuri, haihuwa ta kusa, kada a bar ta ba mai dubawa.

Sai kuma a duba irin kyanwar. Ta tsakar gida, wadda ta saba hawa katanga tana kama ɓera da ƙadangare, kada a kulle ta a ɗaki don za a yi tafiya. Za ta yi ta yaƙushin ƙofa, ta yage ragar taga, ta ƙi cin abinci. A bar ta da rayuwarta yadda ta saba, a tabbatar akwai abinci da ruwa a wurin da ta sani. Farauta kaɗai ba ta riƙe kyanwar da aka saba ciyarwa, kuma yunwa ce ke tura ta gidajen mutane ta buɗe tukunya, a jefe ta ko a sa mata guba. Ta ɗaki kuma, wadda ba ta san waje ba, sakinta ranar tafiya jefa ta ne bakin karnuka da mota.

Zafi da ruwa

A nan aka fi asarar kyanwowi, don haka za mu daɗe a kai. Kyanwa ba ta gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafarta. Tana sanyaya jiki ne ta hanyar lasar gashinta da kwanciya a kan abu mai sanyi. Zafin jikinta na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne a ma'aunin Salshiyas. A watan Afrilu zafin inuwa a Garwa da Njamena yakan haura 40, ɗakin da ke da rufin kwano ba silin, ƙofa da taga a rufe, ya fi haka nesa. Dabbar da aka kulle a ciki ba ta da inda za ta kai zafin jikinta. Ngawundare da ke kan tudu ta fi sauƙi, amma ko can ɗakin kwano a rufe da tsakar rana ba wurin ajiye mai rai ba ne.

Kada ku dogara da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Wuta takan ɗauke ta wuni ba ta dawo ba, wasu na'urorin kuma ba sa tashi da kansu in ta dawo. Ku zaɓi wurin da yake da sanyi ko ba lantarki: ɗakin ƙasa mai kaurin bango, zaure, ɗaki mai silin da tagogi biyu masu raga da iska ke ratsawa, ko banɗaki mai tayil. Ku gwada shi da kanku: ku shiga da ƙarfe biyu na rana, ku rufe yadda za ku bar shi, ku zauna minti goma sha biyar. In kun kasa, ita ma ba za ta iya ba. A naɗe kafet a bar mata siminti tsirara. Randar ƙasa cike da ruwa, a rufe da murfi mai nauyi, tana tsattsafa sanyi a jikinta, za ku ga kyanwa ta je ta manna cikinta a gindinta. In akwai randa a gidan a kai ta inda kyanwar za ta zauna.

Kyanwa tana buƙatar kusan mililita 50 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinta a rana. Mai kilo 4 ke nan mililita 200, kamar kofi ɗaya. Mai cin busasshen abinci duk wannan ruwan sha za ta yi, ga zafi yana ƙara buƙatar. Sai dai abin da take sha kaɗan ne in an gwada da abin da iska ke ɗauka. Da bazara da hunturu ruwan da ke buɗe a tsakar gida yakan ragu kusan santimita ɗaya a rana. Faranti ko murfin tukunya mai zurfin santimita biyu ya bushe ke nan cikin kwana biyu ko da ba ta sa baki ba. Saboda haka mazubi mai zurfi ake so, mai faɗin baki da nauyi: kasko, kwanon silba babba da aka sa wa dutse mai tsabta a ciki don kada ta kifar, ko ƙaramin daro. A ajiye aƙalla uku a wurare daban-daban, kowane ya ɗauki lita ɗaya zuwa biyu, duk a inuwar da rana ba ta riskar ta ko da ta juya da yamma. In ɗaya ya kife, ɗaya ƙadangare ya faɗa ciki, akwai na uku.

Abin shan ruwan kaji na roba da ake sayarwa a kasuwa, mai tulu a kife a kan faranti, yana aiki sosai, domin ruwan da ke buɗe kaɗan ne, sauran yana cikin tulu. Amma a sayi sabo wanda ba a taɓa zuba maganin kaji a ciki ba, a ajiye shi a wuri mai daidai, a kuma fara sa mata shi mako guda kafin tafiya, domin wata kyanwar ba ta yarda da shi. Ko ta yarda, ƙari ne a kan kaskon. Ruwa kada ya zauna kusa da wurin kashi, kyanwa tana ƙyamar hakan. Mai dubawa ya zubar ya wanke ya sake cikawa kullum. Ruwan da ya yi mako a tsaye gansakuka da 'ya'yan sauro ne ke cikinsa.

Wani haɗari da ke tafe da ƙishirwa: duro ko bokiti mai rabin ruwa. Kyanwa takan miƙa kai ta sha, ta zame ta faɗa, jikin robar kuma santsi, ba ta iya fita. Ko a cika shi har baki, ko a kife shi, ko a rufe da abu mai nauyi. Haka rijiya da bakin masai.

Abinci

Tuwo da miya, kifi, nama, duk abin da ke da laima, a zafi awa biyu zuwa uku ya ishe shi ya fara lalacewa, ƙudaje su yi ƙwai, kiyashi su rufe shi. Abin da ke jure zama shi ne busasshen abincin kyanwa na leda, wanda masu manyan kantuna a Garwa, Ngawundare da Njamena ke kira kuroket. Kyanwa mai kilo 3 zuwa 4 tana cin gram 50 zuwa 60 a rana, kilo ɗaya zai kai ta kwana 16 zuwa 20. A auna na rana ɗaya sau ɗaya a sikeli, a zuba a gwangwanin madara a yi masa alama, daga nan ba sai an sake awo ba. Abin da ya fi sauƙi ga mai dubawa shi ne a ƙulla na kowace rana daban, a zuba ƙullin a bokiti mai murfi wanda ɓera da ita kanta kyanwar ba za su buɗe ba. Kuroket na kare ba ya maye na kyanwa a tafiya mai tsawo, akwai sinadaran da jikinta ke nema da ba a sa su daidai a ciki.

In ba ta taɓa cin kuroket ba, kada ranar tafiya ta zama ranar farko. A fara mako guda kafin nan: kwana biyu kashi ɗaya cikin huɗu a gauraya da abin da ta saba, kwana biyu rabi, kwana biyu kashi uku cikin huɗu, sannan zalla. Canji farat ɗaya zawo yake kawowa, zawo a zafi kuma yana tsotse ruwan jiki da sauri. Mafi muni ma ta ƙi ci gaba ɗaya. Kyanwa ba ta jure yunwa kamar kare. In ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitsen jikinta yakan taru a hanta ya toshe aikinta, idonta da dasashinta su yi rawaya, kuma ciwo ne mai wuyar jinya.

Yawancin kyanwowinmu abincin gida suke ci, ba laifi a ci gaba da shi in mai dubawa zai kawo sabo kullum. Abin da ya dace shi ne dafaffen nama ko kaza ko kifi da aka cire wa ƙaya, gram 120 zuwa 150 a rana, kamar cikin tafin hannun babba, a raba safe da yamma. Dafaffen ƙwai ma yana taimakawa. Shinkafa ko tuwo kaɗan ne za a haɗa, don kyanwa maciyar nama ce, tuwo zalla cika ciki ne kawai. Hanta ƙaramin yanka sau ɗaya a mako ya isa. Bayan rabin awa a kwashe abin da ta rage. Kifin banda da busasshen kifi a jiƙa su a rage gishiri a cire ƙaya. Miyar da ta sha albasa da tafarnuwa tana lalata jinin kyanwa sannu a hankali, don haka kilishi, tsire da romon miya ba nata ba ne. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke maƙogwaro ko hanji. Madara kuwa, duk da an saba cewa abincin mage ce, manyan kyanwowi da yawa ba sa narkar da ita, zawo take sa su. Kada a cika kwano da ita a tafi.

Maganin kiyashi ba fesa magani ba ne. A sa kwanon abincin a tsakiyar tire mai ɗan zurfi, a zuba ruwa kamar santimita ɗaya a tiren, kada gefen kwanon ya taɓa gefen tire ko bango. In kyanwowi biyu ne ko uku, kowace da kwanonta a nesa da juna, in ba haka ba mai ƙarfi ta cinye. A tsakar gida kuma muzurun unguwa yana iya zama shi ke cinye abincin kullum, mai dubawa yana ganin kwano wayam yana cewa lafiya lau. Shi ya sa dole ya tsaya ya ga taku tana ci da idonsa.

Wurin ba-haya

Ta tsakar gida ta san inda take zuwa. Ta ɗaki sai an tanadar mata. Daro mai faɗi da za ta iya juyawa a ciki, a zuba yashi zurfin santimita 5 zuwa 7. Yashin bakin kogin Binuwai ko na kogunan Logon da Shari da masu gini ke saye ya wadatar, a tankaɗe shi da rariya, a shanya ya bushe sarai. Ƙa'idar ita ce daro ɗaya ga kowace kyanwa, a ƙara ɗaya a kai. A kwashe kashi kullum, a canza yashin duka bayan kwana uku ko huɗu, don yashin kogi ba ya shanye warin fitsari. A bar buhun yashi da tsohon ludayin kwasa a gefe. In daron ya ƙazantu, ko ta koma yi a kan katifa, ko ta riƙe fitsari, na biyun ya fi haɗari. Mace mai ciki kada a ɗora mata aikin kwasar nan, domin akwai ƙwayar cuta a kashin wasu kyanwowi da ke iya illata ɗan tayi. Duk mai kwasa kuma ya wanke hannu da sabulu.

Gidan da za a bar ta a ciki

Al'ada ce mai za shi tafiya ya feshe ɗakuna da maganin sauro ko fiya-fiya, ya barbaɗa maganin ɓera a lungu, ya kulle, wai kafin ya dawo ƙwari sun mutu. In akwai kyanwa a gidan, ku bar wannan al'adar. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa yawancin magungunan ƙwari, kuma duk abin da ya sauka a gashinta ko ta taka sai ta lashe shi. Alamarsa dalalar miyau, karkarwa, tangaɗi da farfaɗiya. Maganin ɓera kuma ko ba ta ci shi kai tsaye ba, ɓeran da ya ci ya galabaita shi ne ya fi sauƙin kamu. Ku roƙi maƙwabta ma su sanar da mai dubawa in za su sa. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin yana kashe kyanwa. Gidan sauro mai magani a naɗe shi a ɓoye, ko don kada ta sarƙe a ciki.

A kwashe zare da allura, igiya siririya, robar ɗaure kuɗi da ledar da aka ƙunso nama ko kifi. In ta haɗiye zare yakan tattare hanji, sai tiyata. A ɓoye magungunan mutane. A kashe tukunyar gas, a cire wayoyin lantarki daga bango. Ƙofar da ke tsakanin inda take kwana da inda ruwa yake a tokare ta da bulo ta ɓangarori biyu, domin guguwar farkon damina takan bugo ƙofa ta rufe, kyanwa a wannan gefe, ruwa a wancan. A duba ragar tagogi ko ta ɓalle a kusurwa. A bar mata kwali da aka yanka wa ƙofa, da tsohon zane ko riga da ba a wanke ba, ƙanshin masu gida yana kwantar mata da hankali.

Wanda za a ba wa amana

Ba kowa ne ke son kyanwa ba. Akwai masu tsoronta, akwai masu camfa ta, baƙa musamman, irin waɗannan za su amsa don kunya amma ba za su shiga ba. A nemi wanda kyanwar ta sani kuma ba ya ƙyamarta, kusa da gida, babba mai hankali. Yaro zai iya kai abincin, amma alhakin ya zama a wuyan babba. In almajirin gidan ne ko mai gadi, ku bar masa nasa abincin da ladansa daban da kuɗin abincin kyanwa. Ba daidai ba ne a miƙa wa yaro mai yunwa kifi a ce ya kai wa mage.

Batun makulli yakan hana mutane neman taimako, ba kowa ke son a shiga ɗakinsa ba ya nan. A shirya kayan kyanwar a zaure, baranda ko wani ɗaki na waje, a kulle na ciki, a ba da makulli ɗaya. Na biyu a bar wa wani daban, ko da na farkon ya ɓata ko shi ma tafiya ta kama shi.

Mai amanar ya zo sau biyu kafin tafiya, ya zuba abincin da hannunsa kuna tsaye. Kada a tsaya a kan "don Allah Yaya, ki riƙa leƙa mana magen nan". A faɗa filla-filla: "Yaya, ga ƙulli goma sha biyu, ɗaya kullum bayan sallar asuba. Kaskon nan uku a wanke a cika. Ki tsaya ki ga ta ci. Ki duba yashin ko akwai jiƙaƙƙen wuri. In wani abu bai yi miki ba, ki kira ni ko tsakar dare ne." A rubuta a takarda a manna a bango, da lambar likitan dabbobi. Hoto ɗaya ta WhatsApp kullum yana raba gardama. A tura masa kuɗin data tare da na gaggawa, wanda zai isa abin hawa da ganin likita.

Ga abin da in ya gani ba jira. Kyanwa tana haki baki buɗe kamar kare: zafi ne ya kama ta ko numfashi ya sarƙe. A kai ta inuwa, a shafa mata ruwan randa a ƙafafu, kunnuwa da ciki, a yi mata fifita, ba ruwan ƙanƙara ba, kada kuma a ɗura mata ruwa a baki, sannan a nufi likita. Muzuru yana yawan tsugunnawa a yashi yana kuka fitsari ba ya fita, yana lasar gabansa: mafitsara ce ta toshe, tana iya kashe shi cikin kwana biyu zuwa uku, mutane kuma sukan ɗauka taurin ba-haya ne. Ta wuce kwana ɗaya cur ba ta ci ba, ko amai da zawo a jere. A ɗaga fatar tsakanin kafaɗunta a saki; in ba ta koma nan take ba, dasashi kuma ya bushe yana danƙo, ruwan jiki ya yi ƙasa. Abu ɗaya da za a nanata wa mai amana har ya gaji da ji: kada ya ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Kada kuma ya je wurin mai sayar da maganin shanu a kasuwa ya ce a ba shi na mage, awon ba ɗaya ba ne. Ofishin kula da dabbobi na gwamnati ko likita mai zaman kansa za a nema, kuma tun kafin tafiya za a gano wanda ke karɓar kyanwa, domin da yawa aikinsu ya fi karkata ga shanu da tumaki.

Allurar ciwon haukan kare a yi mata tun da wuri, don kariyar wanda kuka ɗora wa aikin. Cutar tana nan a yankinmu. A Njamena an yi gangamin yi wa karnuka allura a 2012 da 2013, cutar ta ja baya sosai, daga baya ta sake shigowa daga wajen gari. Kyanwa mai yawo tana iya ɗauka. In ta ciji mai dubawa ko ta yaƙushe shi har jini, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, ya je asibiti a ranar.

Kai ta wani gida

Wannan shi ne zaɓi na ƙarshe. Kyanwa ta fi shaƙuwa da wuri a kan mutum, in aka kai ta baƙon gida aka sake ta, hanyar komawa za ta nema, a nan take ɓacewa. In ba makawa, a ɗauke ta a kwando mai murfi da aka ɗaure, ko kwali mai ƙwari da aka huda, da sassafe ko bayan magariba. Ba a buhu ba, ba a but ɗin mota ba, ba a hannu a kan babur ba. A can a ba ta ɗaki ɗaya mai sanyi, da kwanonta da yashinta da zanen gidanku, kada ta fita har ku dawo. Wadda ba a yi wa aikin hana haihuwa ba, in ta shiga lokacin neman muzuru, ko ƙaramar kafa ta samu ta fice. A gaya wa masu gidan.

Ranar tafiya, kafin a kulle kowane ɗaki, a ga kyanwar da ido a inda ake so ta kasance. A buɗe kabad, a leƙa ƙarƙashin gado, sito da kicin, har akwatin da aka fasa tafiya da shi. Hayaniyar haɗa kaya tana sa ta ɓuya, sai a kulle ta a ɗakin da mai amana ba shi da makullinsa. Mai 'ya'ya kuma takan kwashe su ta canza musu wuri da dare, don haka a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, kada uwa ta kwana a waje 'ya'ya a kulle.

In kun dawo ta yi kamar ba ta san ku ba, ko ta yi ta kuka tana bin ƙafa, duk daidai ne, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. A shafa bayanta a ji ko ƙashi ya fito, a duba jikinta ko akwai kumburin cizo, musamman a wuya da gindin wutsiya, don cizon muzuru yakan rufe a sama ya tara mugunya a ciki bayan kwana biyu zuwa huɗu. In kuwa ba a gan ta ba, a fara nema daga kusa: sito, bayan buhuna, cikin silin, gidajen da ke manne da naku. Mai tsoro ba ta nisa kuma ba ta amsa kira da rana. A fita bayan isha'i in unguwa ta yi shiru, da tocila da kwanon abincinta ana kaɗawa, ana kiranta mus-mus da muryar da ta sani, a kuma bar zanen da take kwanciya a kai a bakin ƙofa.